Gudun Maharazu Ya Ƙare a Daddara

Cika baki kafin aiki da son a kalle shi, su ne laifin Maharazu, kuma su suka kayar da shi.

Ɗan dako ne a Magama kusa da Jibiya, bakin iyaka, mutumin ƙasar Maraɗi. Ƙarfi dai Allah ya ba shi, hankali ne ya yi ƙaranci. Wata rana ya ga wasu masu gajerun wanduna suna tsere a wayar Rabe direba. Rabe ya ce masa wannan shi ne maraton, a Legas ake yi, nisansa kamar daga Jibiya zuwa Katsina. Nan take Maharazu ya ce bana da shi za a yi.

Rabe ya ce, "Waɗannan fa wata da watanni suke gwaji, kaɗan-kaɗan."

"Kaɗan-kaɗan na raggaye ne. Wanda ya saba da buhun wake bisa kai, mi za ya gajiyar da shi in ya tafi kai wayam? Gwajina na farko Katsina zan taɓo."

Don a taru a gan shi, sai ya zaɓi Lahadi, ranar kasuwar Jibiya. To, 'yan dako suna da ƙa'ida: wanda aka nema ranar kasuwa aka rasa, ba ciwo ba rasuwa, gurbinsa ya zama na wani. Da ƙyar Maharazu ya samu gurbin nan, da shi yake ciyar da iyalinsa.

Maɗugu, sarkin 'yan dako, ya kira shi. "Kai yaro, motocin wake na tafe. Ka bari sai Talata."

"Baba, Talata wa za ya gan ni? Kafin azahar na dawo."

Da hantsi ya ɗaura takalmin aro wanda ya matse shi, ya zuba a guje kamar an biyo shi. 'Yan kasuwa na cewa, "Lafiya? Mi ya koro ka?" Direbobi na yi masa hon. Shi duk ya ɗauka yabo ne, ya ƙara wuta. Ko ruwa bai riƙe ba, wai kada a ce ya ji ƙishi.

Ɗaukar buhu daban, gudu daban. A Daddara, tun bai kai Katsina ba, jijiyar ƙafa ta ɗaure, ya zube bakin titi yana amai. Rabe ne ya tsince shi da la'asar, ya ce, "A'a, mutumin Legas! Har ka dawo?" Aka ɗora shi bayan mota kamar kaya.

Ya iske an gama sauke wake, wani Shafi'u na zaune a gurbinsa. Maɗugu ko kallonsa bai yi ba.

Ga abin da Maharazu ya rasa: gurbin dako, farcen ƙafa biyu, takalmin mutane da ya yage, da sunansa, don har yau Na-Daddara ake kiransa. Legas kuwa ko hanyarta bai gani ba.