Kifin Ni'ima

Tun da aka dawo da Ni'ima daga asibiti a Jega, inda ciwon sikila ya kwantar da ita kwana goma sha ɗaya, abinci ya fita ranta. Uwarta Hindu ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma kuka. Yarinya 'yar shekara shida ta zama ƙashi da fata.

Ubanta Maccido manomin albasa ne a Aliero, bai iya magana mai daɗi ba, balle lallashi. Wata rana yana ɗibar ruwa a kududdufin bayan gonarsa ya ga 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya sun yi baƙi a gefe. Ya kamo ɗaya a gora ya juye mata a tsohon kwanon sha.

"Baba, kihi ne?"

Ya san ba kifi ba ne, amma ya ga idonta ya yi haske, sai ya ce, "Naki ne. In ya ci, ke ma ki ci."

Haka aka ƙulla. Hindu ta dafa ganyen alayyafo, Ni'ima ta jefa ɗan guntu, abin ya yi ta tsotsa, ita kuma ta sha kunu cokali biyar, wani lokaci har bakwai. Mako uku ana haka, kumatu suka fara dawowa. Ran da ƙafafun baya suka fito ta yi dariya har da tari, wai kifinta zai je makaranta.

Da na gaba suka fito, sai ya daina ci.

Maccido ya gwada dusa, ya gwada gwaiduwar ƙwai. Ƙato da gemunsa ya durƙusa gaban kwano yana roƙon ɗan kwaɗo. Ni'ima ta ture kofinta.

"Bai ci ba, Baba. Ni ma ba ni ci."

Kwana na uku ya ajiye kunya ya tafi wurin Malam Jelani, mai koyar da kimiyya a firamare.

"Ba ciwo ne ba," in ji malamin. "Wutsiyarshi ce ka riƙe shi yanzu, ita ce abincinshi. Sa mishi dutse shi hau, in ba haka ba ruwan nan shi ka kashe shi. Kuma ya gama cin ganye ke nan, sai ƙwari masu rai."

"To mi zan yi shi ci a gabanta?"

"Babu, Maccido."

Ya sa dutsen. Washegari da hantsi abin ya hau, ya yi tsalle ɗaya ya shige ƙarƙashin randa. Aka ɗaga randa, ba a gan shi ba. Ni'ima ba ta yi kuka ba, wannan ya fi komai tayar wa Maccido hankali. Ta juya fuska bango ta ce, "Shi ya warke ya tahi."

Maccido ya ɗauki gora ya nufi gona, har yana haɗawa da gudu. Ruwan kududdufin ya ja baya, saura taɓo. Duk inda ya sa ƙafa ƙananan kwaɗi ne ke watsewa, ɗaruruwa. Ya durƙusa cikin taɓon yana kamawa yana dubawa yana saki, har aka kira azahar. Babu mai wutsiya ko ɗaya.