Ƙafar Jimrau

"Sannu dai, kar ka shanye mini magani," in ji Jimrau, da ya ga Badaru ya lashi yatsa.

Badaru ya yi dariya, ya ci gaba da ɗiga zuma cikin gyambon. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Dakoro, kuma tun da ciwon sukari ya huda diddigen tsohon makiyayin, Badaru ke zuwa kowane hantsi ya wanke, ya ɗaure.

Lokotoron asibiti ya riga ya faɗa: in ramin bai cike ba, sai a tafi Maraɗi a yanke ƙafar. Jimrau kuwa ya kafe.

"Ƙahwag ga ta kai shanu Azagor tun ba ni da gemu. Mi zan ce in an tambaye ni ina na baro ta?"

Da lokotoron ya gaji da shi, sai ya yarda a gwada zuma mai tsabta, a riƙa kawo masa shi yana dubawa. Har ya ce a wasu ƙasashe masana na haɗa ta da wasu abubuwa don sabon nama ya samu wurin kamawa. Jimrau ya ce to, ashe yanzu har fata ake nomawa.

Kwanaki suka yi ta tafiya a hankali. Ɗakin ya cika da ƙanshin zuma. Tsohon yakan lumshe ido a kan tabarma yana kiran shanun da aka sayar tuntuni, kowace da sunanta, yana cewa ciyawa ta kai gwiwa, a bar su su ci. Badaru ba ya tashe shi. Shi ma wani lokaci sai ya ji kamar ƙasa na motsi da kofato a bayan katanga. Tsoro yake ji, don ramin yana cikewa amma mutumin yana ƙarewa.

Ranar wata Laraba, matar Jimrau, Safi, ta leƙo ta kan katanga. Ba ta yi kuka ba tukuna.

"Malam Badaru, abokinka ya tahi."

Badaru aka ba wankan gawar. Ya fara da dama kamar yadda aka saba, ya jinkirta kafin ya kai hannu ga ƙafar hagu mai gyambon, don kwana biyu tsohon bai bari an taɓa ta ba. Ya warware ƙyallen. Gyambon ya rufe. Sabuwar fata ce a wurin, ja-ja, mai laushi kamar ta jariri.

A nan ne hawaye suka zo masa.

Ya zuba ruwa, ya wanke sauran danƙon zumar. Sannan ya yagi bakin likkafani, ya jera ƙafafun biyu, ya ɗaure manyan yatsun wuri ɗaya.