Gadon Jirgin Badamasi

"Sake ja," in ji Malam Badamasi. "Har yanzu akwai tudu a tsakiya."

Na sake jan zaren daga wannan kan falankin zuwa wancan, na ɗaure a ƙusa. Ya durƙusa a ƙasan rumfata, ya kwantar da kunci a kan katakon, ya rufe ido ɗaya yana leƙen ƙarƙashin zaren.

Na ce, "Malam, shekara ashirin ina aikin kafinta a Jibiya. Ƙofofin rabin unguwar ga ni na yi su, ba wadda aka maido mani."

"Ƙofa ba ta tashi sama, Zunnuraini. Ɗauko samfefa."

Na ɗauko.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Sana'arsa gyaran wayoyin wutar manyan motoci, kuma duk direban da ke bin hanyar Maraɗi ya san hannunsa. Da aka rufe boda a wancan karon, motoci suka yi layi suka daina motsi, aiki ya ɗauke. Wasu suka koma fito da mai ta ɓarauniyar hanya, wasu suka koma gona. Shi kuwa ya shiga ɗakin zaurensa da waya a hannu, ya dinga kallon yadda ake haɗa ƙananan jiragen sama masu tashi da rimot. Kayan haɗinsa su ne farin soson da ake naɗo firji da shi, siraran katakai daga ragowar aikina, ɗan inji da batir da ya sa aka kawo masa daga Kano. Ko da aka buɗe boda aiki ya dawo, abin bai sake shi ba.

Jirgi uku ya yi, duk ukun sun tashi, duk ukun kuma hagu suke ja. Na ƙarshen ya yi kewaye ɗaya a filin ƙwallo ya je ya daki bishiyar dalbejiya. Malam ya kwaso ɓaraguzan a buhu, ya yi kwana biyu yana aune-aune, sannan ya leƙo rumfata.

"Na gano ciwon. Gangar jikin ce ke karkacewa kafin gam ya bushe. Da hannu nake riƙewa, hannu kuwa ba ya da gaskiya. Gado za ka yi mani."

Abin da ya kira gado shi ne falanki mai tsawon kamu uku, shimfiɗaɗɗe sarai, da layi ɗaya ja a tsakiyarsa. Dama da hagu na layin akwai matokarai na katako, biyu-biyu suna fuskantar juna, kowanne da notinsa, a matso da shi ko a ja da baya. A kwantar da gangar jirgin a tsakani, a matse, ta bushe a miƙe ko tana so ko ba ta so. Kwana huɗu muka yi a kansa. Ranar da muka shiga da shi gidansa, ni a gaba shi a baya, matarsa Barira tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago ta dube mu, ta ajiye rariyar.

"Baban Na'ima, ku sauke abin ga daga kafaɗa. Ku riƙe shi a hannu. Ba ni son ganin maza biyu sun ɗauko dogon katako haka."

Muka yi dariya, amma muka sauke.

Laifina ya zo ne washegari da safe, a teburin mai shayi na kusa da shingen kwastan. Wurin cike yake da direbobi da 'yan kamasho da mutanen da ba wanda ya san daga inda suke. Wani ya tsokane ni, wai an ce na bar yin kujeru na koma yi wa tsoho kayan wasa. Raina ya sosu. Na ce wanga jirgi ba na wasa ba ne. Na ce idan ya tashi daga nan sai ya leƙa can ƙauyen Farfaru ya dawo, mai shi yana zaune a kan tabarma. Ƙarya ce. Malam ya sha gaya mini cewa da jirgin ya wuce tsawon filin ƙwallo biyu rimot ba ya kai masa. Amma aka yi shewa, ni kuma na ji daɗi, na shanye shayina.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, baƙon ya zo.

Ina zauren Malam ina ƙara ɗaure wani noti. Gangar sabon jirgin tana kwance a gadon, fara tas, matokarai goma sun riƙe ta. Muka ji mashin ya tsaya. Aka yi sallama cikin ladabi. Mutum ne matsakaici, da yadi mai tsabta da hula, ba abin da za ka riƙe a fuskarsa. Takalmansa kawai na lura da su, na roba, sun sha jar laka irin wadda babu ita a cikin gari.

Ya gaida Malam da sunansa. Ya tambayi iyali. Ya tambayi 'yarsa Na'ima da ke aure a Katsina, ita ma da sunanta. Sannan ya tsuguna gaban gadon ya daɗe yana kallo.

"Aiki ya yi kyau, Malam. Shina iya ɗaukar kaya?"

"Kayan mi? Abin wasa ne. Ko ƙwai ba shi ɗauka."

"An ce shina kai Farfaru."

Malam bai dube ni ba. Ni kuwa na ji notin ya yi mini nauyi a hannu.

"Wanda ya ce haka bai san jirgi ba," in ji Malam.

Baƙon ya yi murmushi. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan abu baƙi, bai fi akwatin ashana ba, da ido ɗaya na gilashi a gaba. 'Yar kyamara ce. Ya ajiye ta a kan falankin, daidai kan jan layin.

"Wanga bai kai nauyin ƙwai ba. Akwai masu son su riƙa ganin hanya kafin su bi ta. Kuma ba su manta alheri."

"Ɗauki abinka. Ba ni yin irin wanga aiki."

"Ba gaggawa. Gam ma sai ya bushe." Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. "Za a kira ka."

Bai nemi lambar waya ba. Muka ji mashin ɗin ya tashi, ya yi yamma.

A Jibiya ba sai an fassara maka su waye masu son ganin hanya ba. Kowa yana da wanda aka ɗauka a gona, ko wanda aka tare a mota, ko ƙauyen dangi da ya tashi ya dawo makaranta da zama.

Na ce, "Malam, ni ne. Ni na faɗi maganar Farfaru wurin mai shayi."

Ya ɗan dube ni, ya mayar da ido kan kyamarar.

"Na sani. Abin da ke tashi sama ba shi ɓoyuwa, ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba. Bar wannan. Yanzu dubi inda muke. In na ajiye ta, 'yan sintiri suka gan ta a ɗakina, sun ce ni ɗan leƙen asirin mutanen daji ne, ba mai saurarena. In na jefar, masu ita za su tambaya. In na yi masu aikin, duk motar da aka tare da hannuna ciki." Ya naɗe ta a tsumma ba tare da fatarsa ta taɓa ta ba. "Wurin mai unguwa zan kai. Ka zo ka shaida a gabanka aka ajiye."

Na ce ina da ƙofar da zan kai wa wani kafin azahar.

Babu wata ƙofa. Ya san babu. Ya ce, "To, Allah ya taimaka," ya sa hularsa ya fita shi kaɗai. Na tsaya a bakin rumfata ina kallon bayansa har ya sha kwana.

Mai unguwa ya karɓa, ya kai gaba. Jami'ai biyu suka zo suka yi tambayoyi, suka ɗauki hoton gadon da jirgin, suka ce wa Malam ya kwantar da hankalinsa. Kafin la'asar duk unguwa ta ji. Daga ranar, masu zama a dakalin ƙofar gidansa suka ragu. A masallaci sai ka ga an bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi, ba da yawa ba, kamar tafin hannu. Ni ma na koma sahu na biyu.

Kiran ya fara zuwa ranar Talata. Ta kan katanga nake jin wayarsa tana ƙara, ta yi ta yi ta katse, ta sake. Ranar Laraba ya ɗauka. Ban ji abin da aka ce masa ba, na dai ji shi ya ce, "Na ji," sau biyu. Can sai muryar Barira.

"Mu tahi Katsina, Baban Na'ima. Don girman Allah. Mijin Na'ima ya ce akwai ɗaki."

"Gero ya kusa isa yanka."

"Geron banza! Gero zai yi mani zaman takaba?"

"Barira."

"Na faɗa. Shekara talatin ban taɓa hana ka abin da kake so ba. Ka cika mani ɗaki da soso, na yi shiru. Wanga karon ba ni yin shiru."

"Lahadi," ya ce. "Ranar kasuwa hanya cike take da motoci. Mu bi cikin jama'a."

Ranar Juma'a bayan an sauko ya aiko a kira ni. Na shiga da kunyata. Bai ta da maganar mai unguwa ba. Ya ce in kama masa. Muka kwance notunan ɗaya bayan ɗaya, muka ja matokaran baya. Ya ɗago gangar jirgin da hannu biyu, ya kai ta bakin ƙofa wurin haske, ya saita ta da idonsa daga hanci zuwa wutsiya. Ya daɗe a haka.

"Zo ka gani."

Na leƙa. Miƙe take kamar kibiya.

"Wanga ba shi jan hagu," ya ce. Fuskarsa ta saki, karo na farko a makon. "Na'ima ta ce akwai fili bayan gidansu. In mun natsu ka zo, kai za ka riƙe mani shi in tashe shi."

Na ce in sha Allahu.

Asabar da safe na gan shi yana fito da mashin. Ya ce zai je gonarsa ta hanyar Farfaru, ya nuna wa Ɗantala iyaka. Ɗantala maƙwabcinsa ne na gona, shi zai yanke masa geron su raba.

"Malam, ba ka kira shi a waya?"

"Iyaka ba ta nunuwa a waya. Yanzu zan dawo. Da rana ce, ga sojoji a kan titi."

Barira ta leƙo daga zaure. Ya ta da mashin ya tafi.

Ana kiran azahar Ɗantala ya shigo unguwa a ƙasa, ba hula, rigarsa duk ƙaiƙayi. Rumfata ya fara isowa, ya kama ginshiƙi ya tsaya. Sai da na ba shi ruwa ya iya magana. Ya ce sun gama zaga gonar, Malam ya koma wajen mashin, shi kuma ya shiga cikin gero zai kama ruwa. Sai ya ji mashina biyu. Ya kwanta a tsakanin kunyoyin geron. Ya ji an kira Malam da sunansa, an gaishe shi. Sun ɗan yi magana ƙasa-ƙasa. Abin da ya ji sarai ɗaya ne, muryar Malam tana cewa, "Na ce ba ni yi." Sai ƙarar bindiga sau biyu.

Ni na shiga na gaya wa Barira. Ban ma buɗe baki ba. Ta dubi fuskata, ta zauna a kan turmi, ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta sake faɗa, ta sake, har matata ta shigo ta riƙe ta.

Motar jami'an tsaro ta kawo gawarsa. Aka yi masa sutura, aka sallace shi bayan la'asar. Mutane sun cika layi har bakin titi, har da waɗanda suka daina zama a dakalinsa. Na kama makarar daga ƙofar gida ban saki ba har maƙabarta. An yi ta miƙo hannu a karɓe ni, na ƙi.

Da muka dawo, ƙanen Ɗantala ya turo mashin ɗin daga gona. Ba su ɗauka ba. Makullin yana jiki, tanki da mai. Mutanen da ke zaman makoki suka dubi mashin ɗin, suka dubi juna. Masu ɗauke ko akuya sun bar mashin mai lafiya a bakin hanya, kowa ya gane saƙon.

Na tura shi cikin gida na jingine a jikin katanga. A bayan mashin ɗin akwai ƙullin leda ɗaure da roba. Barira ta taso daga cikin mata ta kwance. Kuɓewa ce ɗanya, 'yan ƙanana masu taushi, da Malam ya tsinko mata a gefen gona.

Wata tsohuwa ta ce ta kawo a ajiye. Barira ta girgiza kai.

"Lalacewa za ta yi."

Ta ɗauko faifai da wuƙa, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta fara yankawa. Tana yanka, tana bazawa a faifan, siri-siri, inda sauran rana ke taɓawa.