Tayar Ko-ta-kwana ta Malamin Lissafi

"Minti goma kawai, ɗana. In ya wuce haka ka kama gabanka," in ji tsohon. Yana tsaye a bakin shagon, ya kare idonsa daga hasken walda da wata takarda da ya zo da ita.

Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Baba Malam, ka ga ƙofar nan? Yau mai ita zai aiko a ɗauka. Bari in rabu da ita, gobe ina nan tafe."

"Goben jiya ko ta shekaranjiya?"

Suka yi dariya su biyun. Tsohon ya ninke takardarsa, ya sa a aljihu, ya juya a hankali kamar yadda yake komai.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu shekara goma sha ɗaya. Tsohon ya koyar da lissafi har ya yi ritaya, shi ya sa duk layin ba a kiransa da komai sai Malamin Lissafi. Yana da wata ƙaramar bas mai ƙofar da ake ja gefe, ruwan toka, da yake lallaɓawa kamar ƙwai. Tun da ciwon gwiwa ya zaunar da matarsa, wadda kowa ke ce wa Mama, ba ta zuwa ko'ina sai da keken asibiti, kuma a bayan motar tayar ko-ta-kwana ta cinye wurin. In keke ya shiga, taya ta kwana a gida. A haka suka taɓa yin faci a hanyar zuwa wurin 'yarsu da ke aure a wani gari, Mama ta yi awa huɗu a gefen titi. Tun ranar Malam ya rantse sai ya fitar da tayar waje, ya maƙala ta a jikin ƙofar baya, kuma da hannunsa.

Mai walda ya san duk wannan. Ya kuma san minti goman Malam awa biyu ne. Sai ya nuna maka zane, ya gaya maka nauyin taya da na ƙofa, ya tambaye ka ko ka gane. Don haka ko sau ɗaya bai karɓi takardar ya duba ba.

Da rana ta take aka zo aka ɗauki ƙofa, aiki ya ƙare. Ya rufe shago ya nufi gida cin abinci. Yana karyo kwanar layinsu ya hango tsohon a bayan bas, da singileti, yana gangaro taya daga zaure. Mai walda ya tsaya. Bayansa na ciwo, cikinsa na kiran ciroma. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sulale ta lungun baya ya shiga gida ta ƙaramar ƙofa.

"Yau kuma ta nan?" matarsa ta tambaya.

"Yi a hankali. Baba Malam na waje."

"Kai dai ba ka kyauta wa tsohon nan."

"Na ce masa gobe."

Ya ci ya ƙoshi, ya miƙe a kan tabarma ƙarƙashin fanka. Ta bayan katanga yana jin ƙarar sifana, can kuma sai nishi, sai shiru, sai nishin ya dawo. Ya juya wa katangar baya. Barci ya fara fizgarsa ke nan ya ji wani abu mai nauyi ya daki ƙofar gidansa, daram. Sai muryar Mama daga tagarsu, tana kiran duk wanda ke kusa.

Ba takalmi ya fita. Taya ce ta gangaro ta bugi ƙofarsa, tana kwance a kwata. Malam na zaune a ƙasa, ya jingina da bayan motar, hannu ɗaya dafe da ƙirji, leɓɓansa sun yi fari.

"Ta fi ni ƙarfi," tsohon ya ce da ƙyar. "Sau uku ina ɗaga ta."

Da motar Malam ɗin ya kai shi asibiti. Likita ta ce zuciya ce, ta daɗe tana ba shi alama yana ɓoyewa. Aka kwantar da shi, aka sa masa robar iska a hanci.

Washegari mai walda bai buɗe shago ba. Ya tura Mama a kekenta har bakin gadon, ya koma gefe ya rakuɓe kamar kazar da ruwa ya yi wa duka. Da ma'aikaciyar jinya ta tura Mama suka tafi karɓo magani, tsohon ya yafito shi da yatsa.

"Ka ga gobe ta yi, ga ka ka zo."

"Baba Malam, ka yafe ni."

"Me ka ci nawa?"

Maganar ta zo har bakinsa. Lungun baya, tabarma, fanka. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Da na san yau da gobe za ta kai haka…"

"Kai, rabu da wannan. Ka tsamo tayar daga kwata?"

"Na shigar da ita zaure."

"Madalla. Kar rana ta cinye ta." Ya lumshe ido. Sannan ya ce, "Mamanku tana son ganin jikanta. In na daɗe a nan, kar a bar ta zaune."

"Za ka kai ta da kanka, in Allah ya yarda."

Bai kai ta ba. Da hantsin kwana na biyu, yana cikin shan ruwa a hannun 'yarsa da ta iso da safen, ya ce a ɗan gyara masa matashi. Kafin ta gyara ya cika.

Bayan an yi jana'iza mutane sun watse, mai walda ya zama kamar ɗan gida. Shi ne ɗauko kujeru, shi ne mayarwa, shi ne gyaran famfo. Duk wanda ya shigo sai Mama ta nuna shi ta ce, "Wannan shi ya ɗauki Malam a hannunsa. Maƙwabci ya fi ɗan'uwa na nesa." Kowace kalma sai ya ji kamar tartsatsi ya faɗa masa cikin riga.

Da aka kwana goma, 'yar ta ce za ta tafi da Mama gidanta ta ƙarasa takaba a can, tunda babu mai kula da ita, ita za ta tuƙa. Ta sami mai walda a ƙofar gida da takardar nan a hannu.

"Yaya, a aljihun wandon Baba na gani. Ko za ka iya ƙarasa masa?"

Ya jawo injin walda tun daga shago, ya shimfiɗa waya, sannan ya buɗe takardar. Zane ne tsaf, da jan biro da baƙi, kowane awo da lambarsa. Ya dubi ƙofar motar. Tsohon ya riga ya huda ta wuri huɗu, ya sa faranti na ƙarfe ta ciki don kar ta tsage, ya ɗaure maƙalin tayar da notuna, har fenti ya shafa saboda tsatsa. Mai walda ya kama maƙalin ya jijjiga da duk ƙarfinsa, ko gezau. Babu inda ke bukatar walda. A ƙasan takardar, a layi na ƙarshe, an rubuta: mutum ɗaya ya riƙe taya, ɗaya ya ɗaure.

"Lafiya, Yaya?"

"Riƙe sifanar nan," ya ce.

Ya ɗaga tayar ya dafe ta da ƙirjinsa, ita ta ɗaure notuna uku. Ko ruwan shayin da Mama ta sa aka ɗora bai tafasa ba suka gama.

Ya ninke keken ya sa a baya, ya shige da sauran wuri. Ya ɗauki Mama cak ya zaunar da ita a kujerar gaba, ya tsuguna a bakin ƙofar.

"Mama, ranar nan na gan shi. Na gan shi da tayar, na bi ta lungu."

Ta dube shi. "Na sani," ta ce. "Ina taga. Shi ma ya gan ka. Cewa ya yi a ƙyale ka, ka gaji." Ta gyara mayafinta, ta dubi gaba. "Rufe min ƙofar, ɗana, rana na yi."

Ya rufe. Motar ta tashi a hankali, ta karya kwana. Inda ta saba tsayawa ƙasar ta fi ta ko'ina duhu, da ɗigon baƙin mai a tsakiya. Wata kaza ta zo ta fara tono a wurin. Ya tsuguna yana naɗe wayar injinsa a gwiwar hannu.