Wuyan Gauraka

Da ɓarin jikin Baba ya shanye, ɗakinsa ya koma kamar kasuwa. Mutum ne da ya shekara arba'in yana noman rake a korama, kowa ya san Alhaji Sallau a Matameye, saboda haka masu dubiya har daga Kurni da Dawce suke zuwa. Sukan faɗo ana cikin goge masa jiki ko sauya masa zane. Bakinsa ya karkace, magana ba ta fita sosai, amma ina ganin yadda yake kau da kai zuwa bango.

A lokacin ne na tuna da wani littafi da mushenmu, wato malaminmu na zane, ya taɓa nuna mana a lise, makarantarmu ta sakandare a Damagaram. Mutanen Japan suna da shamaki mai naɗewa, falle shida, da suke tsayarwa cikin ɗaki, su zana tsuntsaye a jiki. Ba don ado kawai ba. Shaho na mayaƙa ne. Agwagi biyu na zaman aure ne. Wani farin tsuntsu mai dogon wuya da ja a ka, ɗan'uwan gaurakarmu, shi kuma fatan tsawon rai ne. Na daɗe ina kallon shafin nan har mushe ya karɓe littafinsa.

Na sa kafinta ya haɗa mini katako, na ɗaure farin yadi, na shafe shi da fenti ruwan ɗorawa. Ban zana tsuntsun Japan ba, don Baba bai san shi ba. Gauraka na zana, guda biyu, tsaye cikin ciyawar fadama, da tukkunsu. Sati uku na yi. Ranar da na tsayar da shi gaban gado, Baba ya ƙura musu ido, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna gabas, wajen gonarsa. Inna ta ce da can garke guda suke sauka a can, yanzu sai a shekara ba a ga ko ɗaya ba.

Da la'asar yayana Abdurrazak ya dawo daga shago. Shi ke ɗaga Baba safe da yamma, don shi ne mai ƙarfin.

"Najaha, wannan fa?"

"Sutura ce, Yaya."

"Sutura da ido da baki? Ɗakin marar lafiya za ki cika da hoton mai rai? Kawo bik ɗin rubutu in ja musu layi a wuya."

Haka ake yi a gidanmu. Ko kalanda aka kawo mai hoton raƙumi, sai an ja masa layi a wuya, a ce an raba kai da jiki, ya daina zama mai rai. Ban taɓa cewa komai ba. Amma waɗannan na zana su ne don su ce wa Baba ya daɗe.

"Yaya, fatan tsawon rai ne. Ka yanka su a gabansa, me suka ce masa ke nan?"

"Tsawon rai a hannun Allah yake, ba a hannun tsuntsun Japan ba. Boko dai ya gama da ke."

"Na san a hannun Allah yake. Kai ma da ka kawo masa lemo jiya, lemon ne zai raya shi?"

Washegari ina dawowa daga famfo na tarar da baƙin layi a wuyan kowacce, an danna bik har ya kusa huda yadin.

Ban yi kuka ba, ban kai ƙara wurin Inna ba. Na dama fenti na rufe layin. Na je da ƙafata wurin Malam Inusa, limamin unguwarmu, na tambaye shi. Ya ce malamai sun saɓa, zanen da yake shafe a jikin yadi, ba shi da inuwa, bai kai gunki ba, amma barinsa ya fi. Na gode masa. Na kawo wa Yaya maganar duka, ban rage komai ba. Shi ya riƙe ƙarshenta, ni na riƙe farkonta.

Ya sake ja. Na sake rufewa. Sau bakwai muka yi haka. Wuyan gaurakin ya yi kauri, fenti kan fenti, har in ka shafa za ka ji tudu. Inna ta ce, "Ku biyun nan, taurin kan ubanku kuka raba, ba wanda aka cuta."

A na takwas ban je famfo ba. Na zauna a bakin gado, gwangwanin fenti a gabana. Yaya ya shigo, ya gaida Baba, ya zaro bik daga aljihu. Na miƙe na tsaya tsakaninsa da shamakin.

"Matsa, Najaha."

"Sai dai ka ja a nawa wuyan."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Kai, Yaya. Da girmanka."

Sai muka ji ƙarar kwano. Baba ne ya ture kwanon kununsa ƙasa da hannu mai lafiya. Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta tashi, mu duka muna jira. Kalma biyu ya iya fitarwa.

"Bar su."

Yaya ya tsaya kamar an dasa shi. Ya mayar da bik aljihu, ya ce shi dai ya faɗi abin da ya sani, kuma ba zai ƙara shiga ɗakin ba muddin gaurakin suna tsaye. Ya fita.

Da yamma lokacin juya Baba ya yi. Yaya yana zaune a ƙofa kan tabarma, yana jiran in naɗe shamakin in kira shi. Na ɗaure zanena tamau, na ce wa Inna ta kama ƙafafu. Na zura hannuwana ƙarƙashin kafaɗun Baba. Ya fi yadda nake zato nauyi, bayana ya amsa, amma na ɗaga shi.

Yau wata huɗu ke nan ni nake ɗagawa.