Goran Modu

Gana ta rungume goran a ƙirji ta ƙi saki, ga 'yarta Adila tsaye bakin kogin Haɗeja da kyamara tana jira.

"Inna, rana za ta faɗi fa. Akwai mai kwale-kwale a can ƙasa, zai tare miki shi."

Fim ɗin Adila wani iri ne. Wai na ƙin yaƙi ne, amma ba bindiga, ba soja, ko magana babu. Goruna kawai za a saki, irin waɗanda masunta ke kifa ciki a kai, su bi ruwa ba kowa a kansu. Gana ta sha yi mata tsiya cewa ko akuya ba za ta tsaya kallo ba. Sai dai wannan goran na mijinta Modu ne. Shi kaɗai ruwa ya dawo da shi ranar da 'yan bindiga suka auka wa masunta a tafkin Chadi, tsoro kuma bai bar kowa ya shiga neman mai shi ba. Da shi ta yi gudun hijira. In ya ɓace, ba ta da sauran komai na Modu.

Ta yi bisimilla ta sake shi cikin sauran.

Ashe ba wanda ya tuna ya gaya wa masuntan ƙetare. Su kuwa a wurinsu, gora ba mai shi ma'anarsa ɗaya ce: ruwa ya ci mutum. Sai salati ya tashi, suka yi ta faɗawa kogin da rigunansu, wannan ya nutse, wancan ya ɓullo.

"Sun ɓata mini aiki," in ji Adila, za ta kashe kyamarar.

Gana ta riƙe mata hannu. "Bar ta ta ɗauka."

Can wani dattijo, Muttaka, ya fito yana haki, rungume da goran Modu.

"Baiwar Allah, na wane ne? Mun duba har cikin ciyawar kacalla, ba mu gan shi ba."

"Na maigidana ne, Malam. Ya daɗe da rasuwa. Ku yi mana haƙuri, wasa muke ɗauka."

Ya dube ta jim, ya ce Allah ya jiƙansa, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ruwa na ɗiga a zanenta, wani sanyi ya ratsa zuciyarta wanda rabonta da shi tun suna gida.

"Inna, kuka kike ko dariya?"

"Yau dai an shiga neman babanki," in ji Gana.