Sunan Maigidan Hure

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ana tsakar yankan gero, kububuwa ta sari Gwadabe a gonarsa ta Kademi. Maƙwabta suka aza shi kan jaki suka koma bakin aikinsu, matarsa Hure ta koro jakin har wani asibiti da ke gefen Gaya. Kafin su iso ƙafar ta yi kamar turmi, mutum ko motsi ba ya yi.

Malamin allura yana ciki, maganin ma yana ciki. Amma a bakin ƙofa akwai tebur, bayan teburin akwai akawu, Malam Tukur, da biro uku a aljihu. Doka ce: ba kati, ba allura.

Ya ce, "Sunan majiyyaci?"

"Maigidana ne, malam."

"Ai na ga alama. Sunansa."

Hure ta sunkuyar da kai. Shekara ashirin da shida tana gidan mutumin nan, bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Uwarta ma haka ta zauna da ubanta har ta koma ga Allah.

Ta ce, "Baban su Lauratu."

"Baiwar Allah, ba a rubuta baban su wance a katin gwamnati. In mai duba takardu ya zo daga Kano, ke za ki amsa?"

"To ka sa duk sunan da ya yi maka, a yi masa allurar."

"In yi wa hukuma ƙarya?" Ya rufe biro, ya kira na gaba, wani mai ƙaiƙayin kunne.

Hure ta duba layin kaf, babu ɗan Kademi ko ɗaya. Ta dubi mijinta, ta ga jini ya soma tsattsafowa daga dasashinsa. Sai ta matso jikin tebur, ta rufe fuska da mayafi, ta faɗi sunan can ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba."

Ta maimaita.

"Iya, nan ofis ne, a buɗe baki."

"Gwadabe!" Har masu tallar ƙosai a waje sai da suka waiwayo.

Mutumin da ke kan jaki ya buɗe ido ɗaya. "Ke! Ni kike kira gatsal a bainar jama'a?"

Malam Tukur ya rubuta a tsanake, ya hura tawadar, ya ce, "Sai sunan uba."

Hure ta dafe ƙirji, don wannan kuma surukinta ne. Gwadabe ya tattara ɗan sauran ƙarfinsa ya ce, "Inuwa. Rubuta maza, kafin ta ƙarasa ni."

Aka buga hatimi, aka kinkime shi ciki, allura ta shiga, kuma Allah ya yi da sauran kwana.

Malam Tukur ya gyara zama ya dubi layi. "Kun dai gani da idonku. Da ba don kati ba, har yanzu bai farfaɗo ba. Na gaba!"